Jan Fenti

Mai gandun daji ya zo tun Litinin da gwangwanin jan fenti,
ya bi kurmin Baban Rafi yana shafa wa matattu.
Goma sha ɗaya ya ƙirga.
Ya ce masu ganye ba ruwanmu da su.

Barmo ba ya tada inji da zuwa.
Ajiye shi yake a inuwa kamar jakin da ya gaji,
ya zaga iccen sau uku, hannu a baya,
ya ƙwanƙwasa gindi da ƙotar gatari, ya kara kunne,
kunnen dama, don na hagu inji ya cinye tun tuni.
Ya ce: “Kirya ce, amma cikinta kogo.
Ɗanyen icce yakan gaya maka inda za ya kwanta.
Busasshe maƙaryaci ne.”

Ya ɗaga kai, ni ma na ɗaga.
Can sama wani reshe na reto, ɓawo kaɗai ya riƙe shi.
“Irinsa ya kashe Jadi a Gabi.
Kowa na kallon gindi, mutuwa na bisa.”
Muka cilla igiya, muka jawo shi ƙasa tukuna.

Na share hanyar gudu biyu da adda,
na ce wa yaron awaki ya kora su bayan fadama.
Mata sun zo da gammo, suna jiran ƙirare.
Barmo ya auna tsawon iccen sau biyu da taki,
ya ja musu layi da dunduniya.
Gwaggo Tasalla ta ce tun ba a haife shi ba
take shan inuwar nan.
Ya ce: “Shi ya sa nake so ki kai gobe.”

Hular kwano, gilashin da ya tsage gefe ɗaya,
takalmin gwanjo daga Babbar Kasuwa,
isansi lita ɗaya da rabi.
Bisimilla. Ja ɗaya, ja biyu, a na uku ya kama,
tsuntsayen kurmin suka watse gaba ɗaya.

Ya yanka baki ta gabas, inda muke so ta kwanta,
ya koma baya, ya hau da yatsa uku,
yana barin tsakiya, kamar yadda ake barin
maɗauri a jikin ƙyaure.
Igiya na hannuna, gari na shiga mini baki,
ɗaci-ɗaci, ja kamar ƙasar gulbi.

Sai tartsatsi.
Ya kashe inji nan take, bai ko zagi kowa ba.
Da bakin wuƙa muka tono:
ruwan hauya ne, tsatsa ta ci rabinsa,
wani ya saƙala shi a nan wata damina,
bai dawo ba, icce ya haɗiye.
Haƙora shida sarƙa ta rasa kaifi.
Barmo ya zauna da magagari, ɗaya bayan ɗaya,
har inuwarmu ta shige ƙarƙashin ƙafa.
Na ce saura kaɗan, mu ja kawai.
Bai ko dube ni ba.

Da ya sake tadawa, ya buga weji sau huɗu,
kirya ta yi wani nishi da ban taɓa ji ba.
Ya yi kururuwa, na saki igiya,
kowa ya bi hanyarsa, ba mai waiwaye.

Ta kwanta gabas, taki biyu daga inda aka ce.

Sannan shiru. Sama ta yi rami inda kanta yake,
rana ta sauka bisa ƴan tohon sabara.
Mata suka tsallake layi sai da ya ɗaga hannu.
Gwaggo Tasalla ba ta ɗauki ko tsinke ba.
Ruwan hauyar ta nema, ta juya shi, ta shafa,
ta ƙulle a haɓar zane.

Barmo ya girgiza jarka, ya saurara da kunnen dama.
Ya ce: “Saura goma. Naɗe igiya.”